Bindigar surukina: ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu?

Sana'ata fentin mota ce. Shekara 11 ke nan ina yin ta a Kolombus, jihar Ohayo, inda ake barbaɗa gishiri a kan titi duk lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke, gishirin kuma ya bi ƙarƙashin motoci yana ci. Ni da tsatsa mun san juna. In na ga jan tabo a jikin ƙarfe hannuna har ƙaiƙayi yake: a kankare, a goge, a cike ramin, a fesa fenti, mai mota ya zo ya yi ta lalube bai gane inda aka taɓa ba. Wannan sabon ne ya ja ni na yi ɓarna a gidan surukai, a kan abin da ba mota ba.

Surukina baƙar fatar Amurka ne, ya haura shekara 75. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗana. Mahaifinsa direban soja ne a Yaƙin Duniya na Biyu, yana cikin ayarin manyan motocin da aka sani da Red Ball Express, waɗanda suka riƙa jigilar mai da harsashi da abinci daga gaɓar Nomandi zuwa bakin daga a Faransa, daga ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Nuwamban 1944. Kusan kashi uku cikin huɗu na direbobin baƙaƙe ne. Da aka gama yaƙi ya dawo gida da fistol ɗaya a ƙasan jakarsa, kamar yadda sojoji da yawa suka yi. Bayan rasuwarsa bindigar ta faɗo hannun Baba, shi kuma ya bar ta cikin kubenta na fata, ya sa a akwati, ya sauke a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ta yi sama da shekara 30 a nan. A tsakani ruwa ya taɓa shiga ɗakin.

Mai karatu a Najeriya zai ce ina ruwan farar hula da fistol, tunda dokar makamai ta 1959 ta sa ta cikin haramtattu sai da izinin shugaban ƙasa. A Ohayo ba haka ba ne. Kayan gado ce, ana lissafa ta tare da agogo da filin noma.

Abin da ya tono ta shi ne bikin jikansa, ɗan yayan maiɗakina. Baba ya ƙudurta zai ba shi ita ranar ɗaurin aure. Wata Asabar ya kira ni, ya shimfiɗa tsohon tawul a kan teburin kicin, ya zare ta daga kube da ƙyar, don fatar ta manne. Launinta toka-toka ne mai ɗan ratsin kore. Gefuna da bakinta sun kodo har farin ƙarfe ya fito. Gefen dama kuwa, wanda ta kwanta a kai duk shekarun nan, ya yi jan tsatsa faci-faci, wasu wuraren har da ɓawo.

Ya ce, "Ɗana, kai da kake mayar da tsohuwar mota amarya, wannan za ta gagare ka?"

A nan ya kamata in ce ban san aikin ba. Sai na ce bari in ga zurfin abin. Na fita mota na ɗauko samfefa mai laushi, na jiƙa ta, na goga a bayan murfin sama, gefen hagu, inda na hango wani ɗan ɗigon ja. Gugar ba ta wuce sau goma ba. Wuri kamar faɗin babban yatsa ya yi fari tas yana ƙyalli, tokar ta tafi. A mota da na ce alhamdulillahi, ƙarfe lafiyayye ne. Maiɗakina ce ta riƙe hannuna, ta ce a kai wa masu aikin tukuna. Da ba ta shigo kicin ɗin ba, da na bi murfin gaba ɗaya.

Mai gyaran da aka kwatanta mana wani dattijo ne Bature, shagonsa a bayan gidansa, tafiyar minti 40 daga gari, lasisinsa na gwamnatin tarayya a rataye jikin bango. Da ya karɓa, ya cire gidan harsashi, ya ja murfin baya, ya leƙa, ya sa ɗan yatsa ya tabbatar ba komai ciki, duk da mun ce masa ba komai. Sannan ya jawo fitila da gilashin ƙara girma. Bai ɗauki minti ɗaya ba ya tsaya a kan farin tabon.

"Wannan na kwanan nan ne. Wa ya yi?"

Shago ya yi tsit. Baba ya kalli rufi. Na ce ni ne. Ya tambayi sana'ata, na faɗa, ya gyaɗa kai kamar likitan da ya ji ciwon da ya saba gani. Kunyar da na ji a gaban suruki ran nan, har yau in na tuna sai na ji zafi a kunnena.

Daga nan ya shiga karanta mana bindigar kamar wasiƙa. Ƙirar M1911A1 ce, wadda asalinta John Browning ya zana, sojan Amurka suka karɓa a 1911, suka riƙe ta har 1985 kafin fistol ƙirar Beretta ta maye gurbinta. A gefen hagu na murfin an buga sunan Remington Rand da garin Syracuse na jihar New York. Kamfanin tafireta ne, yaƙi ya sa aka juya shi ƙera bindiga, ya yi kusan 900,000, ya fi Colt kanta, kamfanin bindigogin da ya fara ƙera ta, yawa a shekarun. Ya ce har Singer mai keken ɗinki ta yi guda 500, kuma ɗaya daga cikinsu ta haura dala 400,000 a gwanjo a 2017. Baba ya ce kash, da ma mahaifinsa ya lalubi ta tela. Dattijon ya duba lambar jikinta a wani tsohon littafi ya ce ƙirar 1943 ce. Ya nuna mana haruffa uku, FJA, na hafsan da ke kula da binciken bindigogin kamfanin, da harafin P na gwajin harbi, da ɗan tambarin igwa biyu a gicciye can baya, wanda ba a buga shi da ƙarfi ba tun asali. Ya warware ta, ya ga HS a jikin bututun, wato na kamfanin High Standard, irin wanda Remington Rand ke sakawa. Abin da ya fi burge shi shi ne abin da bai gani ba: babu tambarin wata ma'aikatar soja da ta sake mata aiki. Tunda ta bar hannun gwamnati a 1945, ba wanda ya canza mata sashe ko ya sake mata rini. Tokar nan da na goge, ita ce wadda ta fito da ita daga ma'aikata.

Sai da ya bayyana mini bambancin aikinsa da nawa na gane girman wautata. Fenti riga ce ake sa wa ƙarfe, ana iya tuɓewa a sa wata. Abin da ke jikin tsohuwar bindiga kuwa fatar ƙarfen ce da kanta aka sauya. Akwai rinin bulu, inda ake dafa ƙarfe a ruwan soda da wasu sinadarai a zafin digiri 140 ko kusa, har samansa ya koma baƙar tsatsa mai santsi wadda ba ta ci. Akwai rinin fosfet, wanda suke kira Parkerizing, shi ne na soja: launin toka, mai kaushi kaɗan, yana shan mai yana riƙewa, kuma tsufa da maiƙo kan ba shi wannan ratsin koren. Dukkansu ba su kai kaurin gashi ba, kuma ba su toshe rami. Zanen da ya huje, ko sau nawa ka tsoma shi a marina, hujin na nan. Ni in mota ta yi rami ina da abin cikewa. Shi ba shi da shi, don rinin ba ya kama komai sai ƙarfe.

Ya ɗebe ɓawon tsatsa kaɗan a gefen dama ya nuna mana abin da ke ƙasa. Ƙarfen ya yi zanzana. Fata tana riƙe laima, sinadarin jima kuma yana ƙara mata ƙarfi, shi ya sa kube ya dace da kwankwaso amma bai dace da ajiya ba. Don a ɓatar da zanzanar, dole a ci ƙarfen da ke kewaye har ya sauka daidai da gindin ramin. Wurin yin haka ne gefuna masu kaifi ke dagulewa, haruffa su shafe, tambarin igwan nan ya ɓace a gugar farko. Mai ido yana hango bindigar da aka yi wa haka daga nesa, ta yi sumul kamar sabulun da aka fara wanka da shi. Ga kuma wata matsalar: wasu ramukan suna dab da lambarta, a ƙarƙashin rubutun da ke cewa mallakar Amurka ce. A dokar tarayya, riƙe bindigar da aka goge ko aka sauya lambarta laifi ne da ke iya kai mutum gidan yari har shekara 5. Ya ce ko nawa za a ba shi, injin gogewarsa ba zai matsa kusa da wurin ba.

Baba ya ce, to a faɗi kuɗi.

Dattijon ya jawo takarda. Mafi sauƙi, ya yi mata feshin yashi ya sake rinin fosfet, dala 200, zanzanar za ta rage fitowa amma tana nan. In ana son Cerakote, fentin zamani mai haɗin yumɓu da ake fesawa a gasa a tanda, wanda ya fi kowanne tare tsatsa kuma ya fi kusa da aikina, dala 250, kowane launi ake so. Rinin bulu mai ƙyalli dala 400 saboda wahalar gogewa, sai dai wannan bindigar ba ta taɓa yin ƙyalli ba ko ran da aka ƙera ta. Akwai kuma ƙwararrun da ke cike kowane rami da walda, su daidaita, su sake sassaƙa haruffan da hannu. Wannan ya ce ba ya yi, aikawa ake, zai wuce dala 2,000 kuma a jira watanni, an ci bikin an watse.

Sannan ya juya takardar ya yi ɗaya lissafin, wanda ba mu tambaya ba. Masu tara tsofaffin bindigogi da kashi suke auna rinin asali: wannan saura kashi 90, waccan saura 70, kuɗi kuma ya bi kashin. Wadda aka sake wa rini, komai kyanta, a wurinsu kashinta sifiri ne. A yadda take, da kodewarta da tsatsarta, ya ƙiyasta ta kai dala 1,500. Ya ɗan kalle ni ya ce da makon jiya ne da ya ƙara wani abu a kai. In aka sake mata rini kuwa, da ƙyar ta wuce 800 ko 900. Ya ba da misali da hukumar CMP mai koyar da farar hula harbi, da ke Anniston a jihar Alabama, wadda ta fara sayar wa farar hula ragowar irin waɗannan fistol na soja a 2018, guda 8,000 a zubin farko, tsakanin dala 850 da 1,050. Akasarinsu an sha sake musu rini an cakuɗa musu sassa, amma soja ne suka yi, aikin ya shiga tarihinsu. Wadda aka rina a bayan gidan wani tsoho a Ohayo ba ta da ko wannan hujjar.

Ke nan aikin dala 200 ba dala 200 ba ne. Ka biya 200, darajar ta zube da 600 ko 700, asarar ta doshi 900. Na yi shekaru ina ce wa masu mota fenti zai ƙara wa motarsu kuɗi, kuma gaskiya nake faɗa. Ban taɓa tsayawa a shagon da mai shi ke lissafa wa mutum asarar da aikinsa zai jawo ba.

Na ɗauka an gama. Baba ya ture takardar. Ya ce shi ba sayarwa zai yi ba, jikansa ma ba zai sayar ba, to ina ruwansa da abin da wani attajiri zai biya? Mahaifinsa mutum ne da ba ya fita sai ya goge takalmi, ba ya barin ko cokali da datti. Ya za a yi a miƙa wa yaro kayan irin wannan mutum a gaban jama'a yana jan tsatsa?

Wannan magana tana da ƙarfi, kuma lissafin dala bai amsa ta ba. Wanda ba zai sayar ba, farashin kasuwa labari ne a wurinsa. Na ga dattijon ma bai musa ba. Ya ce bindigarka ce, in ka ce a yi, gobe zan fara. Sai ya tambaya ko yaron zai riƙa harbi da ita. Baba ya ce ai shi ya sa yake so a gyara. Dattijon ya juya gaban murfin ga fitila, ya nuna mana yadda launinsa ya fi na baya duhu. A lokacin yaƙi ba a gasa murfin duka don ya yi tauri ba, gaba kawai da wasu 'yan wurare ake yi. An san irinsu da tsagewa in harbi ya yi yawa, kuma in ya tsage, shi ke nan. Cikin bututun ma ya yi duhu, don harsashin zamanin yana barin wani gishiri da ke jawo tsatsa in ba a wanke da ruwa ba. Za ta yi harbi lafiya jefi-jefi, amma ba ta zuwa filin gwaji kowane mako ba ce, ko an rina ko ba a rina ba. Mai son wannan, ga sababbi irin ƙirarta sak da ake yi a Turkiyya da Filifin, ba su kai dala 500 ba.

Sai ya ɗauki fensir yana nunawa, bai taɓa ƙarfen ba. Ya ce ɓarna iri uku ce a jikinta. Kodewar baki da gefuna ta shiga da fita kube ce, wata da watanni a kwankwason mutum cikin mota mai girgiza. Jan nan na dama na ɗakin ƙasa ne. Farin nan kuma, ya nuna ni da gindin fensir. Ya ce feshin yashi ba ya tambayar wanne ne na wa.

Baba ya daɗe bai ce komai ba. A mota muna dawowa ne ya faɗi abin da ke cinsa. Ya ce shekarar da ruwa ya shiga ɗakin, ya san akwatin na can, ya ce zai duba, bai duba ba. Ba tsufan bindigar ke ba shi kunya ba, nasa sakacin ne, kuma so yake a rufe shi kafin yaron ya gani. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ni ma na ƙara nawa." Ya ce ai naka na minti ɗaya ne, nawa na shekara 30.

Bayan kwana biyu ya buga wa dattijon waya ya ce a kashe tsatsar kawai, kada a rina. Dala 120. Na roƙi in je in kalla, ya yarda, da sharaɗin in sa hannuna a aljihu. Ya warware ta gaba ɗaya, ya jiƙa sassan a mai kwana uku. Sannan ya ɗauko tsohon kwabon Amurka, na kafin 1982, lokacin da ake yin su da jan ƙarfe kusan zalla, ya riƙa ture ɓawon tsatsar da gefensa a hankali. Jan ƙarfe ya fi ƙarfen bindiga laushi, yana ɗebe tsatsa ba ya yagar abin da ke ƙasa. Ya bi da soson tagulla mai laushi, yana yi yana share jan ruwan da ke fita da farin ƙyalle, har ƙyallen ya daina sauya launi. Wurin da zan gama da inji a minti biyu, ya yi awa ɗaya a kai. Ya sa sabon sifirin, ya ɗaure tsohon a 'yar leda ya ce a ajiye tare. A ƙarshe ya shafe ta da wani kaki marar launi irin na gidajen tarihi. Farin tabona ya bar shi. Akwai ruwan kwalba da ake shafawa ya baƙanta ƙarfe nan take, na tambaye shi, ya ce launin ba zai dace da toka ba, kuma masu saye har sansana bindiga suke yi don warinsa ba ya ɓuya.

Ba ta yi kyau ba, kada in yi ƙarya. Jan ya tafi, ramukan sun koma baƙaƙen ɗigo-ɗigo. Yayan maiɗakina da ya gani ya ce an biya dala 120 an dawo da ita yadda take, shi da Cerakote baƙi aka yi. Har yau ra'ayinsa ke nan, kuma ban ce ba shi da hujja ba sam. Da bindigar irin tsofaffin libarban 'yan sanda ce da ake sayarwa tuli, ko wadda wani ya riga ya goge ya rina shekarun baya, ko wadda mutum ke ratayawa kullum gumi na cinta, da ni ma na ce a fesa. Dattijon da kansa ya nuna mana tasa ta yau da kullum, sau biyu yana sake mata rini. A irin waɗannan ma kuɗin ba ya dawowa in an tashi sayarwa, amma ba abin da aka rasa sai kuɗin aikin, kuma an sayi kariya da jin daɗin ido. Ta Baba ce ta bambanta, don abin da za a biya a cire mata shi ne abin da ba a sayarwa a ko'ina.

Baba ya sayi 'yar Turkiyyar, ya haɗa wa yaron biyu: ɗaya ta harbi, ɗaya ta ajiya. Jimlar abin da ya kashe ta fi kuɗin rinin bulu, shi ma ya san haka, ya ce ba komai. Kuben aka raba shi da ita, yana cikin jakarsa daban. A cikin akwatin ya sa wani ɗan kati da ya rubuta da hannunsa, ya ba ni in karanta kafin ya rufe. Ya rubuta sunan mahaifinsa da shekarun da ya yi a soja. Ya rubuta cewa kodewar gefuna ta Faransa ce, ramukan dama nasa ne shi Baba. Layin ƙarshe ya ce farin tabon da ke hagu aikin mijin 'yarsa ne, mutumin kirki ne, amma kada a bar shi da ita shi kaɗai.